Motar Ciyaman a Kan Zuma

Duk wanda ya taɓa shiga Salama Estet a Lugbe ya san Ciyaman Manniru. In bai san shi a fuska ba, to ƙugunsa ya san aikinsa. Shi ne shugaban ƙungiyar mazauna unguwar, kuma shi ne ya gina tudun siminti guda uku a kan hanya ɗaya tilo da ta taso daga get ta shiga cikin gidaje, wai don a rage gudun motoci. Na farko da na biyu irin waɗanda aka saba gani ne, sai dai sun ɗan ƙoshi. Na ukun kuwa ’yan acaɓa ne suka raɗa masa suna Zuma, sunan ƙaton dutsen nan na kusa da Abuja, kuma har yau ba wanda ya ce sun yi ƙari.

Ga yadda aka yi Zuma ya kai haka. Ranar da ake zuba siminti birkila ya tambayi Ciyaman tsayin da yake so. Manniru ya je gida ya tuƙo akori-kurarsa, wata tsohuwar mota mai dogayen ƙafafu wadda matarsa Hasana ke ɗauko kifin sayarwa da ita daga kasuwar Kado. Ya ce a yi ta ƙara siminti har sai ya kusa taɓa cikin motar.

“In tawa ta wuce, ta kowa ma ta wuce,” in ji shi. “Wanda tasa ba ta wuce ba ya binciki halinsa.”

Mutane da yawa sun binciki halinsu. Madam Perpetual mai sayar da ƙwai ta binciki nata ranar da ta shigo da kiret-kiret a bayan Keke, ta isa gida da abin da sai dai a soya. Mista Obadiah, wani tsohon ma’aikacin gwamnati mai ’yar ƙaramar mota, ya binciki nasa har ya gaji, don salansar motarsa da waya take ɗaure tun makon da Zuma ya bushe. Shi mutum ne marar hayaniya, in yana magana sai ka matso. Amma da wa’adin Ciyaman ya ƙare aka sa ranar Asabar za a yi zaɓe, sai ga Obadiah ya fito takara, kuma alkawari ɗaya tak ya yi wa jama’a: zai fasa Zuma.

Nan fa hankalin Manniru ya tashi. Kujerar nan ita ce ransa. A ofishinsu na cikin gari ba wanda ya san da zamansa sai in ana neman wanda zai matsa a wuce, amma a Salama in ya yi tari maigadi sai ya miƙe tsaye. A ce wai a wayi gari ana kiran Obadiah Ciyaman, shi kuma a koma ce masa Malam Manniru? Gara zazzaɓi.

“Na gano matsalar,” ya ce wa Hasana tana jera kifi a firiza. “Mutanen Abuja ba magana suke zaɓa ba, mota suke zaɓa. Ciyaman guda yana yawo a motar da ke ƙarnin tarwaɗa, ina kwarjinin yake?”

“Tarwaɗar ce dai take ciyar da Ciyaman ɗin.”

“Maman Najwa, ana maganar siyasa kina maganar kifi. Ranar Asabar zan shigo unguwar nan a cikin motar da in Obadiah ya gan ta da kansa zai janye.”

“Wace iri?”

“Ta alfarma, mai gudu. Ba ƙarama irin ta ’yan koyo ba, ba kuma zungureriya irin ta masu jiniya ba, kada a ce na ci kuɗin ƙungiya. Matsakaiciya. Ke dai shirya gobe ki ga yadda masana ke zaɓen mota.”

Washegari suka tafi wajen wani dillalin motoci a bakin titin filin jirgi, sunansa Elvis. Elvis ya daɗe a sana’ar, ya kuma gane cewa mai saye ba ya taɓa yin kuskure sai bayan ya bar wurin. Ya tare su da fara’a, da Hausarsa ta Abuja wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ya nuna musu motoci uku a jere suna ƙyalli: farar ’yar Japan, ruwan toka ’yar Koriya, da wata ja ’yar Jamus da ta kwanta a ƙasa kamar kyanwa na shirin kama ɓera.

“Oga Ciyaman, duka ukun nan yana da kyau. Kana so na buɗe inji ka gani?”

“Inji?” Manniru ya yi murmushin tausayi. “Wanda bai san mota ba shi ke leƙa inji. Matsa.”

Ya je wajen farar, ya buɗe ƙofa, ya rufe idonsa, ya buga ƙofar. Ya tsaya shiru yana saurare kamar likita. Ya girgiza kai.

“Kwano ce. Ba ta da murya.”

Ya buga ta ruwan tokar. Ya ce wannan tana da murya amma ba ta da tarbiyya. Da ya buga ta jar kuwa, sai ya daɗe ido rufe, har Hasana ta zaci barci ya ɗauke shi.

“Kin ji? Dum. Haka ƙofar manya take cewa.”

“Oga ya san mota!” in ji Elvis.

Daga nan aka shiga gwajin hon, aka shiga shinshina kujeru. Farar ta faɗi a hon, wai kamar tana roƙon a ba ta hanya ne. Ruwan tokar ta faɗi a ƙamshi. Hasana ita kuma ta zagaya baya ta sa an buɗe mata but ɗin jar, ta leƙa, ta auna da hannu.

“Baban Najwa, kular kifi ɗaya ma ba za ta shiga nan ba.”

“Ba a yi ta don kula ba.”

“To kifin a ina zai zauna?”

“Kifi ya hau Keke. Zamaninsa ya wuce.”

Sai ya zo kan babban gwaji, wanda ya ce shi ya ƙirƙiro shi da kansa. Ya tattare babbar riga ya durƙusa gaban kowace mota yana cusa hannu tsakanin bamba da ƙasa. Ƙarƙashin farar hannunsa ya shige har da sauran wuri. Na ruwan tokar ma ya shige. Na jar kuwa da ƙyar yatsu suka shiga, har ya kuje fata. Ya miƙe yana kallon kujewar cikin jin daɗi.

“Shi ke nan, magana ta ƙare. Motar gudu da ƙasa take hira. Duk wadda ka ga ta ɗage ciki sama, tsoron titi take ji.”

“Gaskiya ne, Oga. Kuma wannan, ƙafan baya ne yana tura shi. In ka taka, kamar jirgi.” Elvis ya ɗan sosa kai. “Amma hanyan gidanka yana da kyau dai ko?”

“Hanyar gidana? Ni na yi ta da hannuna. Ko a Maitama ba a yi irinta ba.”

“To Zuma fa?” Hasana ta ce a hankali.

Manniru ya juyo ya dube ta kamar ta ambaci sunansa na yara a gaban baƙi.

“Zuma ni na gina shi. Ya san ni.”

Shigarsa motar don gwaji ta ɗan ɗauki lokaci. Manniru mutum ne mai jiki, kujerar kuwa can ƙasa take kamar tabarma. Ya fara tura ƙafa, ya biyo da ƙugu, rufin motar ya tuɓe masa hula, ƙofa ta kama rabin babbar riga ta bari a waje. Amma da suka hau titin filin jirgi, mai santsi kamar faranti, wallahi motar ta yi abin da aka ce tana yi. Ya ɗan taɓa totur sai ga su sun wuce motoci kamar a tsaye suke. Manniru ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga tafin ƙafa, har ya fara tsara jawabin godiya a ransa.

Fitowa ce ta zama aiki. Da suka dawo ya yunƙura, kujera ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, gwiwa ta daki sitiyari, hon ya yi ƙara. Sai da Elvis ya kama hannu ɗaya Hasana ta kama ɗaya, shi kuma ya fito a karkace, ya dafa ƙasa da tafi, ya ɗan yi rarrafe kafin ya miƙe.

“Haka ake fita daga irinsu,” ya ce yana kaɗe riga. “Amma wannan ya tsaya tsakaninmu.”

Aka daidaita a kan zai bar akori-kura a cikin cinikin. Hasana ta shafa gefen tsohuwar motar, ranta ya ɓaci ƙwarai, don ita ta san asubancin da suka yi tare. Elvis kuwa har da tafi.

“Akwai wani baba ya daɗe yana damuna, wai shi mota mai tsayi yake so, ko tsoho ne. Yau zan kira shi.”

“Allah ya ba shi haƙurin zama da ita,” in ji Manniru. Ya ce a bar jar a wurin Elvis sai ranar Asabar da safe, don kada ido ya saba da ita kafin lokaci. Suka koma gida a tasi.

Ranar Asabar aka kafa rumfa a filin da ke gefen Zuma, inda aka saba taron ƙungiya. Zaɓen Salama ba na takarda ba ne. Kowane ɗan takara zai tsaya, masu son sa su yi layi a bayansa, wanda layinsa ya fi tsawo shi ne Ciyaman. Madam Perpetual ce shugabar kwamitin zaɓe, ta zo da usur a wuya. Obadiah ya zo da ƙafa, ya zauna a gefe yana shan ruwan leda. A gidan Manniru kuwa tun safe Hasana da mata ke tuƙa tuwon walimar nasara, ga romon kifi na tafasa, ga kuɓewa an gurza an kaɗa ta cike da babban baho tana jiran a haɗa.

Hantsi ya ɗaga sai aka ji wani gurnani daga bakin get. Rilwanu maigadi ya leƙa, ya ga jar mota, ya ga rabin babbar riga na jan ƙasa ta ƙasan ƙofa, ya gane mai ita. Ya wangale get ya ƙame.

Kai, shigowar ta yi kyau, ba za a hana shi wannan ba. Mutane suka miƙe daga kujeru. Mata suka yi guɗa. Wani ya ce, “Ciyaman ya gama da su!” Manniru ya sauke gilashi yana ɗaga hannu a hankali, yadda ya ga manya na yi.

Sai tudu na farko. Ƙurrr! Ƙarar ta ratsa har cikin haƙoran mutane.

“Gaisawa suke yi,” Manniru ya faɗa ta taga. “Haka sababbi suke.”

Tudu na biyu bai tsaya a gaisuwa ba. Aka ji ƙaras, sai ga leɓen bamban gaba ya ɓalle ya bi ta ƙarƙashi ya fito ta baya. Rilwanu ya ruga ya ɗauka, ya rungume shi a ƙirji yana bin motar a baya.

“Oga, wani abu ya faɗi!”

“Na gwaji ne, dama cire shi ake yi. Riƙe min.”

Yanzu saura Zuma. Duk mai hankali a nan zai tsaya ya faka a gefe, ya ƙarasa da ƙafa, ya karɓi tafinsa. Manniru ma ya ɗan yi wannan tunanin, sai idonsa ya faɗa kan Obadiah yana tsotsar ruwan leda yana kallonsa ba ko ƙiftawa. A ce Ciyaman ya ji tsoron tudun da ya gina, a gaban mutumin da ya ce tudun ya yi yawa? Ya karkata sitiyari yadda ya ga direbobi na yi, ya hau a kaikaice. Tayoyin gaba suka hau, suka gangara. Sai aka ji wani dogon nishi na ƙarfe, motar ta zauna daram a kan cikinta. Gaba na lilo, baya na lilo, tayoyin baya da ƙyar suke shafar siminti.

Jama’a suka zuba ido. Madam Perpetual ce ta fara matsowa, ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashi, ta ɗago.

“Ciyaman, sannu da zuwa. Nan za ka sauka?”

“Na tsaya ne jama’a su gan ta da kyau.”

“Mun gani. Har cikinta mun gani.”

Obadiah ya taso a hankali, ya zagaya motar hannu a baya.

“Allah ya sanya alheri, Ciyaman. Mota ta yi kyau. Ko dai a binciki halinta?”

“Mista Obadiah, ka bari sai an zo kan jawabi.”

Ya sa ribas, tayoyi suka yi ta juyawa a banza. Ya sa gaba, haka. Matasa suka zo suka tura, motar ta yi lilo ta dawo inda take. Aka kawo katako aka cusa, taya ta harbo shi ya wuce ta saman rumfa. Kafin wani lokaci hanya ta toshe gaba da baya. Ga tankar ruwa ta shigo ta tsaya tana hon, ga bas ɗin mawaƙan coci za su fita, ga masu zuwa kasuwa, ga wani da zai kai surukarsa tasha. Da yake ba hanyar wucewa, duk suka fito suka taru a filin. Tun da aka kafa Salama ba a taɓa samun cikar masu zaɓe irin ta ranar ba, kuma kowa ya san wanda ya tara su.

“Ku dakata, ku dakata,” in ji Manniru. “Duk ba ku san kimiyyar abin ba. Taurin taya ne ya hana ta kama ƙasa. Rilwanu, rage iska.”

“Oga, in an rage iska ba ƙara zama za ta yi ba?”

“Kai ne Ciyaman ko ni?”

Rilwanu ya ajiye bamba, ya bi tayoyi huɗu da tsinke. Fsss. Motar ta ƙara lafewa a kan Zuma kamar kaza a kan ƙwai. Yanzu ko lilon ma ta daina.

“Yawwa, ta nutsu,” Manniru ya ce, gumi na bin wuyansa. “Saura santsi. Abin da take buƙata ke nan, ta zame ta sauka. A je gida a ce wa Maman Najwa ta aiko da kuɓewar nan.”

Hasana da kanta ta biyo bahon, mata biyu na ɗauke da shi. Ta tsaya ta dubi motar, ta dubi Zuma, ta dubi mijinta.

“Baban Najwa, ashe bai gane ka ba.”

“Ba lokacin wannan ba ne. A zuba.”

“Miyar mutane ce fa. In an zuba, da me za su ci tuwon?”

“Da nasara za su ci. A zuba!”

Aka tuttula kuɓewa ƙarƙashin mota, gaba da baya, ta bi gangaren Zuma tana yauƙi. Magoya bayan Ciyaman, waɗanda da yawansu ba su karya ba saboda labarin walima, suka bi ta da kallo cikin jimami. Direban tanka ya zo zai yi masifa, santsi ya kwashe shi ya zauna, ya ƙarasa masifar daga zaune.

Madam Perpetual ta busa usur.

“Lokaci ya yi. Rana tana yi, mutane suna da wurin zuwa, ko da yake ba hanya. ’Yan takara su fito su tsaya.”

Obadiah ya je ya tsaya a gindin wata bishiya. Aka juyo ana jiran Manniru. Shi kuwa ya kama marfin ƙofa sai ya tuna yadda ake fita daga irinsu. Ya tuna hannu biyu da aka ja, da tafin da ya dafa ƙasa, da rarrafen. Ya dubi ƙasan, kuɓewa ce malale. Ya saki marfin.

“Ciyaman ba ya sauka a tsakiyar hanya. Daga nan zan tsaya takara.”

“Doka ta ce a yi layi a bayan ɗan takara,” in ji Madam.

“To ga bayana nan. A yi layi a bayan mota.”

Abin mamaki, an yi. Mutanen Salama suna da kara. Wasu sun tuna ya gyara fitilun titi, wasu suna tunanin ko babu miya ai akwai romon kifi, wasu kuma tausayi ne kawai. Layi ya miƙe a bayan jar mota, mutane sanye da fararen kayan Asabar, Hasana a sahun gaba. Manniru ya duba madubi ya ga layinsa ya kusa kai na Obadiah, watakila ma ya ɗan fi. Da ya zauna shiru ya naɗe hannu, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya.

Amma sai wani tunani ya zo masa. Ga jama’a a bayansa, ga kuɓewa ta jiƙa ko’ina. In motar ta sauka daga Zuma a daidai wannan lokacin, da gurnaninta, ana tsakiyar duba layi, ai ko ’yan layin Obadiah sai sun dawo. Ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya take totur har ƙasa.

Elvis bai yi ƙarya ba, ƙafar baya ce ke tura ta. Tayoyin suka juya da ƙarfin da aka yi su da shi, suka kwashi kuɓewa da ƙasa da ɓawon katako suka watsa baya kamar injin ban ruwa. Sahun gaba ya samu a fuska, na tsakiya a ƙirji, na baya ma ba a manta da su ba. Wani dattijo ya buɗe baki zai ce a’a, ya samu rabonsa na walima a ciki. Motar kuwa ko taki ɗaya ba ta matsa ba.

Da ya ɗaga ƙafa ya duba madubi, sai ya ga mutane na tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa na jan zaren yauƙi daga gira, suna nufar gindin bishiya. Ba a wahalar da kowa da ƙirga ba. Mutum biyu suka rage a bayan mota: Rilwanu da bamba a hannu, shi kuwa ba ya cikin masu zaɓe, sai Hasana, kore shar tun daga ɗankwali har zani, tana tsaye inda take.

Madam Perpetual ta busa usur ta ɗaga hannun Obadiah.

Manniru ya ji abin har cikin ƙashinsa. Kujera ta tafi. Amma ko a cikin wannan baƙin cikin sai ya hango wata ’yar mafita, ya leƙo ta taga da muryar da bai taɓa amfani da ita a Salama ba.

“Ciyaman Obadiah, ina taya ka murna. To sai a cika wa jama’a alkawari. A kawo guduma a fasa Zuma, ni ma na goyi baya.”

Obadiah ya yi gyaran murya. Kowa ya matso, don in yana magana sai an matso.

“Malam Manniru, na gode. Gaskiya da na ce zan fasa. Amma yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Mota mai gudu irin wannan, ta shigo da gurnani cikin unguwa mai yara, Zuma ya kama ta ya riƙe. Ashe aiki yake yi. Ni ba zan rushe aikin wanda ya gabace ni ba.”

“To motarka fa? Salansarka fa?”

“Na sayar da ita. Na samu wata shekaranjiya, tana waje, ban so na shigo da ita kafin zaɓe a ce ina nuna arziki. Bari na kawo ta ma ta taimaka maka.”

Aka matsar da tanka gefe da ƙyar. Jim kaɗan sai ga wata ƙara da kowa a Salama ya sani, ƙara kamar ana girgiza gwangwanaye a buhu. Akori-kura ce ta shigo, Obadiah a sitiyari, ta haye tudu na farko da na biyu ko a jikinta. Har ƙarnin tarwaɗar bai gama fita ba. Hasana ta share kuɓewa daga ido ta dube ta kamar ta ga ’yar’uwa.

Aka ɗaura sarƙa, akori-kura ta ja jar mota da baya ta sauko daga Zuma da wani kuka mai ban tausayi, ta ja ta ta kan tudu na biyu da na farko, har wajen get, Manniru na ciki yana riƙe da sitiyari kamar shi ke tuƙi. A can ne, a gaban duk wanda ya biyo, Rilwanu ya kama hannu ɗaya Hasana ta kama ɗaya.

Har yanzu motar na nan a wajen get, ƙarƙashin wata rumfar kwano kusa da ɗakin maigadi. An gyara ta, kuma a titin filin jirgi ba mai shan gabanta. Kullum da yamma Malam Manniru zai faka ta a nan, ya fito yadda ake fita daga irinsu, ya rataya jaka ya taka zuwa gida. Kifin Hasana kuwa bai hau Keke ba, don Ciyaman Obadiah na ba ta aron akori-kura duk ranar da za ta Kado, ita kuma tana aika wa matarsa kan tarwaɗa.

Kwanaki wani baƙo ya ci karo da Manniru yana haye Zuma da ƙafa, yana haki, makullin mota na lilo a yatsa. Baƙon ya tsaya yana kallon tudun, ya ce wane marar imani ne ya gina wannan abu?

Manniru ya tsaya a ƙololuwa, ya gyara hula.

“Ni ne nan. Ka je ka tambaya, duk faɗin Abuja ba tudun da ya taɓa tsayar da motar Jamus cak sai nawa.”